Rediyo ya mutu ne?

Tambaya: Malam don Allah yanzu da kowa ya koma waya, rediyo na da sauran amfani? Babana har yau Rediyon Kaduna yake kamawa. Daga wata mai karatu a Kawo.

Amsa: Ƙanwata bai mutu ba fa, cikin waya ya shiga. Tashar da Baba ke ji tun 1962 aka buɗe ta zamanin Sardauna, yanzu kuwa tashoshi na haska shiri kai tsaye a Facebook, mai gabatarwa na magana yana karanto saƙonnin WhatsApp, jaridar Aminiya ma a waya ake karanta ta. Abinda ke damuna gaggawa ce, kowa naso ya riga sakin labari ko ba'a tantance ba. Ki duba wayar Baba, indai tana da FM iyafis kawai zai jona, bata cin data.