Karsanata ta fara neman bijimi tana wata 17, in kai ta?

TAMBAYA: Salam likita, dan Allah shawara nake nema. Na sayi karsana Bunaji a kasuwar Wudil bara, ina kiwonta a gida nan Ɗorayi, a lissafina yanzu watanta 17. Kwana biyun nan sai kuka take tana hawan wata saniyar, wani ruwa mai yauƙi na zubo mata ta baya. Mai yi mana allura yace in kai ta wajen bijimi tun yanzu, wai ciki ne zai buɗa ta ta ƙara girma, in na yi jinkiri kuma juya zata zama. Ita kaɗai ce jarina wallahi, tsoro nake ji.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam kwantar da hankalinka, karsanarka lafiyarta ƙalau, yadda ta fara nema da wuri haka ma alama ce kana ciyar da ita. Amma kar ka kai ta yanzu.

Mu ba watanni muke fara dubawa ba, nauyi muke dubawa. Sai ta kai kamar kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na nauyin da zata yi in ta gama girma. Bunaji abin yana kamawa wajen kilo 200 zuwa 220, wadda ake kiwo a gida da dusa da harawa galibi sai ta shekara biyu zuwa biyu da rabi, na daji kuwa da rani ke cinye musu jiki sukan wuce uku. Ruwa biyun Friesian, wato shanun Turai masu madara, su ne ake ba wa bijimi tun wata 15 zuwa 18, kuma su ma sai jiki ya kai.

To mu dawo kan maganar nan ta "ciki ne zai buɗa ta", don ni dai na gaji da jinta, kusan kullum sai wani ya shigo min da ita. Wa ya ce? Karsana mai wata 17 ƙashin ƙugunta bai gama faɗi ba, ita kanta girma take, sai ka ɗora mata ɗan maraƙi wata tara yana raba abinci da ita, ta haihu kuma nono ya karɓi sauran, ta ina girman zai zo? Tsumburewa take yi, kuma bayan haihuwar sai ta daɗe bata sake nema ba, ribar da kake gaggawar ci ta tafi a nan. Wannan in ma ta haihu lafiya kenan. Akwai daren da aka taso ni wajen ƙarfe biyu, na tarar ƙafafun maraƙi a waje, harshensa ya kumbura, an ɗaura igiya samari huɗu suna ja, mai allurar ya riga ya danna mata allurar naƙuda alhali hanya ce ta yi kaɗan, shi kuma ya kashe waya. Maraƙin ya mutu, uwar ta kasa tashi don jijiyar ƙafafun baya ta taɓu, ƙarshe mahauta aka kira suka saya yadda suka ga dama. Ire-iren masu yawo da jaka a babur ɗin nan ba su da asara, kuɗin allurarsu na aljihu, kai ne zaka kwana da saniya a kwance.

Batun juya kuma tsoratarwa ce kawai. Duk kwana 21 ko kusa da haka zata sake nema, ba ƙarewa yake ba. Abin da ke hana ɗaukar ciki yunwa ce, ko ciwo irin bakkale mai sa saniya ɓari, ko ƙibar da ta wuce misali, saboda haka kar ka yi mata turkar ragon layya.

Ba sai ka nemi sikeli ba. Ari tef ɗin tela, auna zagayen ƙirjinta daidai bayan ƙafafun gaba da santimita, ka ninka lambar da kanta, ka sake ninkawa da tsawonta daga kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, ka raba da 10,840. Ƙirji 140 da tsawo 120 zai baka wajen kilo 217. Rinƙa aunawa duk wata kana rubuta ranar da ta nema. In lokacin ya yi, samo mata bijimi Bunaji matsakaici, irin manyan shanun Turai ka bari sai haihuwa ta biyu.