Mai Aiki a Ingila da Doka Ta Hana Shi Ɗauko Iyalinsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na zo Ingila da bizar kula da tsofaffi a tsakiyar 2024, na bar matata da 'ya'ya uku a Kano, kuma bizar ba ta ba ni damar ɗauko su. Kuɗi dai ina aikawa duk wata. Yanzu wani dillali ya ce zai haɗa mata takardun aiki na bogi ta shigo. Ya halatta? Kuma akwai laifi a kaina game da wannan nisa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah Ya yassare maka.

Tun daga 11 ga Maris 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana sababbin masu irin bizarka kawo iyali, kamar yadda ta hana mafi yawan ɗalibai a Janairun shekarar. A ganina dokar da ke son hannun mutum ya ɗaga tsofaffinta amma ba ta son ganin 'ya'yansa tana da tsauri, kuma neman a gyara ta ta hanyar lumana abu ne mai kyau. Sai dai tsaurinta bai halatta ƙarya ba. Takardun bogi haramun ne. Da alkawarin bin ƙa'idarsu ka shiga ƙasar, Allah kuma Ya umarci muminai da cika alkawura a farkon Suratul Ma'ida, Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ga shi in asiri ya tonu, ana iya hana ta biza har shekara 10.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi. Maza da yawa sun ɗauka da zarar kuɗi ya shiga asusun mace an sauke nauyi. A'a. Ciyarwa haƙƙi ɗaya ne, zama tare da kwanciyar aure wani haƙƙi ne daban. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace ke iya jure rashin miji, sannan ya iyakance wa mayaƙa wata shida. Mujahidai ke nan, ina ga mai neman fam? A mazhabar Malikiyya, in miji ya yi nisa shekara guda ko fiye, matar tana cutuwa, tana da damar kai ƙara ko da yana ciyar da ita. Alƙali zai aika masa: ya dawo, ko ya ɗauke ta, ko ya sawwaƙe mata. In ya ƙi, alƙali ya sake ta.

Saboda haka hukuncin yana hannun matarka. Ka tambaye ta da gaske, ba a gaban iyayenka ba, domin kunya kan sa mace ta ce ta yarda alhali tana ƙonewa a ciki. In ta amince, ta kuma aminta daga fitina, babu laifi a kanka, da sharaɗin ku yanke wa zaman wa'adi, kana zuwa gida duk hutun da ka samu, kana neman aikin da bizarsa ke ba da damar kawo iyali. In ta ce ba za ta iya ba, komawa gida ta wajaba a kanka, ko da albashin can bai kai rabin na nan ba.

Wallahu a'alam.