Me ya sa Amurka ta jingine kumbon Space Shuttle?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta jingine kumbon Space Shuttle a 2011, da abin da shirin ya bari.

Babban dalilin shi ne haɗari. Cikin tafiye-tafiye 135 da aka yi tun daga 1981, kumbo biyu sun tarwatse, Challenger a 1986 da Columbia a 2003, inda 'yan sama jannati 14 suka rasu. A 2004 Shugaba George W. Bush ya sanar cewa za a rufe shirin da zarar an kammala haɗa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Ga kuma tsada, domin kumbon da aka ƙera don a riƙa maimaita amfani da shi cikin sauƙi yakan shafe watanni ana gyara shi bayan kowace tafiya.

A ganina, babban gadonsa shi ne madubin hangen nesa na Hubble, wanda Discovery, ɗaya daga cikin kumbunan shirin, ya kai sama a 1990, aka kuma koma gyara shi har sau biyar. Bayan saukar Atlantis, kumbon da ya yi tafiyar ƙarshe ta shirin, sai da Amurka ta kusa shekara tara tana biyan Rasha kuɗin kujerar 'yan sama jannatinta a kumbon Soyuz.