Fitsarin Jini Ba Balaga Ba Ne: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Likita, tun da ciyawar kachala ta cinye fadamarmu ƙananan dodon koɗi suka yi yawa. Me ya kawo haka? (Manomi daga Nguru)

Kachala tana hana ruwa gudu, shi kuwa dodon koɗi ruwa kwantacce yake so. Haka ta faru a Senegal: bayan an gina madatsar Diama a 1986, suka yaɗu, tsargiya, cutar da dodon koɗi ke yaɗawa, ta biyo baya.

Ana ɗaukar tsargiya a kwanon abinci? (Ɗaliba daga Zariya)

A'a. A ruwa ake ɗaukarta.

Ɗana mai shekara 11 yana fitsari da jini a ƙarshe. Kakarsa ta ce girma ne ya zo, a bar shi. (Wata uwa daga Kura)

Baiwar Allah, da girman Hajiya, amma wannan magana ta cuci yara da yawa. Ba wani namiji da ke balaga da jini. Tsargiya ce mai yiwuwa, kuma a kai shi asibiti cikin makon nan.

Ga yadda take. Mai cutar ya yi fitsari a rafi ko kwalbatin noman rani, ƙwan tsutsar cutar da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe su shiga dodon koɗi, su hayayyafa a jikinsa, su fito cikin ruwa. Yaro yana wanka sai su huda fatarsa, ko ƙurji babu. Tsutsar ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai, ƙwan ne ke yaga mafitsarar. Wani lokaci jinin yakan ɗauke da kansa, a ce ya warke, alhali ɓarna na ci gaba: ƙarancin jini, lalacewar ƙoda, har sankarar mafitsara bayan shekaru. 'Yan mata ma suna kamuwa, takan taɓa musu mahaifa.

Maganinta praziquantel, ana auna shi da nauyin yaro ko tsawonsa, a sha bayan an ci abinci. Kada a saya a kemis a yi kintace. A gwada fitsarin tukuna, a tafi da ƙannensa su ma. Ruwan wanka in na rafi ne, a tafasa ko a ajiye shi kwana biyu. In ya koma iyo zai iya sake kamuwa.

Mun zuba fiya-fiya a kududdufi don kashe dodon koɗi. Ya isa? (Matashi daga Gashuwa)

Subhanallahi! Wa ya ba ku wannan shawara? Guba kuka zuba a inda shanu ke sha, yara ke wasa. A hana kowa zuwa wurin, a sanar da jami'an lafiya. Wanda ya fara amai ko dalalar yawu, asibiti yanzu-yanzu, kada a ba shi manja ko madara.