Amsoshin Wasiƙunku: Kwana Uku a Lagos ta Ƙasar Fotugal

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Maigidana zai halarci wani taro a Lisbon cikin watan Satumba, ya kuma ce idan an tashi za mu gangara kudancin Fotugal mu yi kwana uku a wani gari na bakin teku mai suna Lagos. Mu biyar ne: ni da shi, da yaranmu biyu, da Hajiyarsa wadda ke fama da ciwon gwiwa. Na san kin taɓa zuwa can. Shin wurin ya dace da iyali irin namu? Me za mu gani ban da ruwa? Yaya kuma batun abinci? Daga mai bin shafinki a kullum.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya kai ku lafiya, ya ba Hajiya sauƙi. Maigidanki ya iya zaɓen lokaci, domin a Yuli da Agusta garin cika yake maƙil da baƙi, amma a Satumba an fara watsewa, rana kuma tana nan da ɗuminta. Ni ma a Satumba na je.

Daga Lisbon jirgin ƙasa zai kai ku cikin kimanin awa huɗu, sai dai za ku sauya jirgi a wata ƙaramar tasha mai suna Tunes. Idan kuna tambayar hanya ku ce "Lagush", haka 'yan ƙasar ke furta sunan. Tashar tana tsallaken wani ɗan kogi, Bensafrim, kusa da inda ake ɗaure ƙananan jiragen ruwa, kuma akwai gadar ƙafa da ke shigar da mutum gari. Titunan tsohon garin da ƙananan duwatsu aka shimfiɗe su, sun sha tafiya har sun yi santsi. A nema wa Hajiya takalmi mai ƙasan roba.

Kin tambayi abin da za ku gani ban da ruwa, kuma da shi nake so ku fara, tun kafin yara su taɓa yashi. A bakin tsohon garin akwai wani dandali da aka sa wa sunan Infante Dom Henrique, ɗan sarkin nan da ya riƙa tura jiragen Fotugal su bi gaɓar Afirka. Mutum-mutuminsa na zaune a wurin yana fuskantar ruwa. A gefen dandalin akwai wani ƙaramin gini mai bakuna a ƙasansa, wanda idan ba a nuna maka ba sai ka wuce shi. Sunansa Mercado de Escravos, wato kasuwar bayi. A watan Agustan 1444 jirage suka dawo garin nan ɗauke da mutum 235 da aka kamo daga gaɓar ƙasar da yau ake kira Muritaniya, aka tara su a fili aka kasa su kashi biyar. Marubucin tarihin fadar sarki na wancan zamanin ya bayyana yadda aka raba 'ya'ya da iyaye, miji da mata, yadda uwa ke rungume ɗanta tana kifewa ƙasa, ana dukanta ba ta saki ba. Shi kuwa ɗan sarkin yana bisa doki yana kallo, kuma kashi ɗaya daga cikin biyar ɗin nasa ne.

Ginin da ke tsaye yanzu daga baya aka yi shi, kuma tun 2016 ya zama ɗan gidan tarihi. Ba shi da girma, cikin rabin awa kun gama. A can na fara sanin cewa a 2009, yayin da ake haƙa wurin ajiye motoci a wajen ganuwar garin, an tono ƙasusuwan mutum 158, 'yan Afirka, maza da mata da yara, waɗanda aka zubar a juji ba tare da jana'iza ba, wasunsu ma da alamar a ɗaure suke. Da na fito na daɗe zaune a dandalin. Mutane na shan kofi, yara na guje-guje, ni kuwa na kasa tashi sai da na yi musu addu'a. Ki shiga da yaranki, ki yi musu bayani daidai hankalinsu. Tekun da za su yi wasa a ciki da la'asar, ta nan aka shigo da waɗannan bayin Allah, kuma ya kamata su san haka.

Sauran wuraren duk kusa suke da juna. Akwai ƙaramar ganuwar tsaro ta Ponta da Bandeira a bakin kogi, da cocin Santo António wanda cikinsa duk sassaƙen katako ne da aka shafe da ruwan zinariya. Yawancin gine-ginen ba su kai tsufan garin ba, saboda girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 1 ga Nuwamban 1755, wadda ta rusa Lisbon, ta ragargaza Lagos ma, har aka ɗauke mata matsayin hedikwatar yankin Algarve, wato kudancin Fotugal. Ku lura cewa gidajen tarihi galibi a rufe suke ranar Litinin.

To, sai ruwa. Hotunan da za ki gani a intanet yawanci na Praia do Camilo ne da Praia Dona Ana, ƙananan bakin ruwa da ke ƙarƙashin dogayen duwatsu masu launin zuma. Kyau kam akwai shi, ruwan garai-garai har kana hango yashin ƙasa. Amma hoto ba ya nuna matakala. Ta Camilo ta kai kusan ɗari biyu, kuma sauka ba ita ce wahalar ba, hawa ne. Kada ku kai Hajiya can. Ku tafi da ita Meia Praia, wadda ke gabashin gari: shimfiɗaɗɗen yashi ne mai tsawon wajen kilomita huɗu, babu hawa babu gangara.

Meia Praia za ta kuma warware miki wata damuwar da na san tana ranki ko da ba ki faɗa ba. Shigar Turawa a bakin ruwa ba irin wadda kike so yaranki su yi ta kallo ba ce, kuma a ƙananan wuraren nan kusan kafaɗa da kafaɗa ake zama. A Meia Praia kuwa, da kun ɗan yi nisa daga wuraren sayar da abinci za ku sami fili ku kaɗai, musamman da hantsi. Ni da doguwar rigata da mayafina na zauna, na shiga ruwan har gwiwa, babu wanda ya dube ni sau biyu.

Wannan tekun Atilantika ne, ruwansa da sanyi ko da rana na ƙuna, don haka a tanadi tawul da rigar sauyi. Ku riƙa duban tutar da ake kafawa a bakin ruwa: kore a yi wanka, rawaya a tsaya a gefe kada a yi iyo, ja kuwa kada ma a shiga. Sannan ina roƙonki, kada inuwa ta ja ku ku shimfiɗa tabarma a gindin dutsen nan. Dutsen mai taushi ne, yakan ɓalle. A 2009 wani ɓangare ya rufto a wani bakin ruwa kusa da Albufeira, cikin yankin nan dai, mutum biyar suka rasu. Allunan gargaɗin da za ku gani ba ado ba ne. Ku zo da laima.

Da yamma ɗaya ku hau tasi zuwa Ponta da Piedade, ƙarshen tudun da ya kutsa cikin teku. An yi hanyar katako a sama, Hajiya za ta iya takawa a hankali ta ga duwatsun da ruwa ya huda ya mai da su bakuna da koguna. Maigida da yara su shiga ƙaramin jirgin ruwan da ke zagayawa da mutane cikin kogunan da safe, kafin iska ta taso.

Abinci ba zai ba ku wahala ba muddin kun riƙe kifi. Gasasshen sadin da sauran kifin da aka kamo a ranar, da dankali da ganye da man zaitun, shi ne abincin garin, kuma yana da daɗi ƙwarai. Inda ake taka-tsantsan shi ne cataplana, dahuwar da ake yi cikin wata tukunyar tagulla mai murfi. Ana ganinta kamar kifi ne zalla, alhali sau da yawa akan yanka tsiran alade da suke kira chouriço a ciki, a kuma zuba giya. Ki riƙe kalmomi biyu: porco alade ne, vinho giya ce. "Sem porco, sem vinho" na nufin ban da alade, ban da giya. Burodi da zaitun da cuku da za a ajiye muku kafin ku yi oda ba kyauta ba ne, idan kun ci za a sa a lissafi, idan ba ku so sai ku ce a ɗauke. Ku riƙe 'yan yuro a hannu, domin ba kowane ƙaramin shago ke karɓar kati ba.

Rana ta uku ina ba ku shawarar Silves, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota. Musulmi sun mulki wannan yanki fiye da shekara ɗari biyar, har zuwa 1249, kuma sunan Algarve kansa daga Larabci ya fito, al-Gharb, wato yamma. Silves ce babban birninsu a nan. Ganuwarta ta jan dutse tana nan bisa tudu, da babbar matattarar ruwan sama da suka gina a ƙarƙashin ƙasa, ga gonakin lemo sun kewaye garin. Hawan da ƙafa zai yi wa Hajiya yawa, sai ku ce wa direba ya kai ku har kusa da ƙofar ganuwar. A hanyar dawowa ku sayi busasshen ɓaure da almon na tsaraba, suna jure tafiya.

A gaishe mini da Hajiya da kyau.