Umarnin jiya da ya ɓace bayan an ɗauke wuta

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce jiya ka buga wani dogon umarni a Ubuntu, aka ɗauke wuta kwamfutar ta mutu, yau ka yi ta danna kibiyar sama ba ka gan shi ba. Ga inda gizo ke saƙar: Bash, wato shirin da ke karɓar umarninka a taminal, ba ya rubuta abin da kake bugawa a fayil nan take. Riƙe shi yake yi a ƙwaƙwalwa, sai ka rufe taminal lafiya lau sannan ya zuba shi cikin .bash_history. In wuta ta katse kafin nan, shi ke nan. Na jiya sai haƙuri.

Don kada a maimaita, buɗe ~/.bashrc ka ƙara wannan layi a ƙasa:

PROMPT_COMMAND="history -a; $PROMPT_COMMAND"

Daga nan duk umarnin da ya kammala sai ya shiga fayil a take. Tun da na sa shi ban ƙara asarar komai ba, ko da taminal uku na buɗe a lokaci guda. A ~/.bashrc ɗin kuma za ka ga HISTSIZE=1000 da HISTFILESIZE=2000, wato iyakar abin da Bash ke riƙewa a ƙwaƙwalwa da wanda yake ajiyewa a fayil. Sun yi kaɗan ga mai aiki kullum, ni na mai da su 50000, ba wani nauyi da suka ƙara wa na'ura.

Amma abin da na fi so ka kama shi ne Ctrl+R, na neman tsohon umarni. Don Allah ka rage wahalar da kanka da kibiyar nan. Kana dannawa layin zai koma (reverse-i-search), sai ka buga duk guntun da ka tuna, ko ssh ne, ko sunan folda, ko wani yanki na adireshin saba. Ba lallai farkon umarnin ba, ko daga tsakiya zai kamo shi. In ba shi ne ba, sake danna Ctrl+R ya koma wanda ya girme shi. In ka same shi kada ka yi gaggawar Enter. Taɓa kibiyar dama ya sauko kan layi, ka karanta, ka gyara. Ctrl+G kuma na fasawa ne.

Akwai sudo !! na maimaita umarnin ƙarshe in an hana ka izini, wannan kullum sai na yi amfani da shi. Irin su !rm kuwa, mai maimaita umarnin ƙarshe da ya fara da rm na goge fayil, ina tsoronsu, don suna zartarwa ba tare da ka gani ba. In dole ne, buga !rm:p ya nuna maka tukuna.

Kalmar sirri kuma, in ka buga ta cikin umarni, duk wanda ya buɗe .bash_history zai karanta ta ɓaro-ɓaro. A saitin Ubuntu, in ka fara umarni da tazara ɗaya ba za a ajiye shi ba.

'Yan'uwa masu koyo a waya da Termux, CTRL yana jerin madannan da ke saman allon rubutu, danna shi sannan r.