Amsa ga ƙanwarmu mai son zama likitar ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum. Ƙanwata Dakta, kin ce kin gama bautar ƙasa a Gombe, ranki na son ƙwarewa a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, amma a gida ana cewa me za ki yi da zama "likitar mahaukata", kina kuma tambaya ko akwai ci gaba a ciki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a wannan ɓangare a Bauchi.

Ci gaba kam akwai, sai dai rabin aikin ba a ɗakin duba marasa lafiya yake ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, alhali mun haura miliyan 200. Ko kwana za ki riƙa yi kina duba mutane, hannunki ba zai kai ga mai ciwo a ƙauyukan Ningi ko Kaltungo ba. Wanda zai kai gare shi shi ne ma'aikacin ƙaramin asibiti da kika koya wa gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, na koya wa irin waɗannan ma'aikata kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a 2008, kuma likita irinki ake buƙata ya ja ragamarsa.

Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, ya hango haka tun 1954 a Aro, Abeokuta. Ya zaunar da marasa lafiya cikin ƙauyuka tare da danginsu, ya yi aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 1973 zuwa 1988.

Na ga irin wannan hikima da idona. An kawo mana wata mai jego, ta daina barci, tana ta surutai, ga shatin igiya a wuyan hannayenta, mijin ya rantse aljanu ne. Likitanmu bai yi musu da shi ba. Ya ce malam ya ci gaba da ruƙiyya, amma a kwance igiyar, a bar duka, ta kuma sha maganinta a kan lokaci. Da ya raina musu fahimta, wallahi da daren nan za su ɗauke ta, ƙila ta ƙare a gidan mari. Bayan 'yan makonni ta dawo ganin likita da jaririnta a goye.

Sai kuma gwagwarmaya da hukuma. Dokar 1958 ta zamanin Turawa muka yi ta amfani da ita har Janairun 2023, lokacin da aka sanar Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, bayan shekaru likitoci na bin majalisa. Amma doka a takarda ba ta sayen magani. Dole wani ya zauna gaban kwamishina ya kare kasafin kuɗi, ya shiga rediyo ya yi bayani da Hausar da kakarmu za ta gane, ya bi limamai da hakimai.

Ki nemi gurbin horo a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri ko na Barnawa a Kaduna, ki fara shirin jarrabawar farko ta shiga horon ƙwarewa tun yanzu. Su Baba kuma kada ki yi jayayya da su. Ki roƙi wani babban likita da suke ganin girmansa ya je gida ya yi musu bayani.